Yadda Kurciya Ta Hana Ni Shan Mai

Jiya tankar mai ta zo, jama'a. Ta zo da ranta da lafiyarta, ta juye kayanta a gidan man da motata ta yi makonni tana layi a bakinsa, kowa ya sha, har waɗanda suka zo bayan bayana. Ni kaɗai ne ban samu ko ɗigo ba. Kafin ku fara yi mini jaje kuna tsine wa manya, ku dakata tukuna. Ba wanda ya shiga gabana da ƙarfi. Ni da kaina na tsaya a tsakiyar titi ina ɗaga wa motocin baya hannu su wuce ni, kamar ɗan sandan da ba a ɗauka aiki ba.

Ga wanda bai san ni ba, tsohuwar mota gare ni da nake ɗaukar wa 'yan kasuwa kaya. Ita ce gonata, ita ce ofishina, in ba ta motsa ba tukunyar gidana ma ba ta motsawa. A samanta akwai kariyar ƙarfe ta ɗora kaya, a kan kariyar kuma akwai wata taya da na ɗaure da igiya tun shekarun baya, wai ta ko-ta-kwana. Ta fi huɗun da ke ƙasa lalacewa, amma ganinta a sama yana kwantar mini da hankali.

Kun dai san yadda layin mai ya koma. Yanzu ba a kwana a mota, mun waye. Kana ajiye ta a layi ka tafi gida a ƙasa, da safe ka dawo ka goge gilashi, ka gaisa da na gabanka da na bayanka, ka tambaya ko an ji wani labari. Kullum akwai labari. An ce tana hanya. An ce ta taso amma ita ma mai ya ƙare mata. Daga nan sai kowa ya nemi inda zai raɓe wa rana, kuma a nan matsalar take, don titin namu ba inuwa.

A da akwai. Darbejiya ce jere dama da hagu, manya, tun kafin a haifi yawancinmu. Bara aka sare su duka, saboda za a yi babban taron baƙi kan ɗumamar yanayi, kuma bai kamata motocin baƙin da suka zo ceton duniya su maƙale a ƙuntataccen titi ba. Da aka gama faɗaɗawa sai wani mai hangen nesa ya lura titin ya yi tsirara. Aka kawo bishiyoyin ƙarfe masu ganyen roba aka kakkafa, kowace da ƙananan fitilu da ke kamawa da dare idan an kawo wuta. Ni dai na yaba. Ba sa zubar da ganye balle a yi shara, akuya ba ta cin su, kuma ba ruwansu da ruwan sama, wanda dama bana ya ƙi zuwa a kan lokaci. Aibunsu ɗaya ne kacal: in ka tsaya a ƙarƙashinsu da rana, ka fi wanda ke fili gasuwa.

Wata safiya ina goge gilashi sai Mai Faci ya kira ni. Shi ne mai gyaran tayar da ke gefen gidan man, wanda tun da aka sare bishiyarsa yake aiki a ƙarƙashin wata yagaggiyar lema.

Ya ce, "Direba, ka yi baƙi a bene fa."

Na ce, "Wane bene? Ni da ko ɗakin ƙasa na haya ne?"

Ya nuna saman motar da ƙarfen hannunsa. Na buɗe ƙofa na taka na leƙa. Kurciya ce kwance a cikin ramin tayar nan, ta tattara 'yan tsinkaye da ko sheƙa ba su isa a kira su ba. Da ta ɗan muskuta na hango ƙwai biyu farare. Ba ta tashi ba. Kallona kawai ta yi da ido ɗaya, irin kallon da mai gida ke yi wa wanda ya shigo ba sallama, har sai da na ji kunya na sauko.

Dogo, direban da motarsa ke bayan tawa, bai ɓata lokaci ba. Ya ce, "Ka watsar da abin nan tun yanzu. Ranar da mai ya zo, ni ba zan tsaya jiran mai jego ba."

Gaskiya ya faɗa, kuma na san gaskiyar fiye da shi, don na yi kiwon tantabara ina yaro. Irin tsuntsayen nan wuri suke ganewa. In ka ɗauke sheƙa daga inda suka san ta, ko tsallaken titi ne, sai su yi ta zagaye tsohon wurin har 'ya'yan su mutu da yunwa. Wato duk ranar da layi ya motsa na tura motata gaba, na raba uwa da 'ya'yanta ke nan. Amma na dubi yadda alƙawarin mai yake tafiya, na yi lissafi irin na masu hankali, na ce kafin tanka ta zo ƙwan nan sun ƙyanƙyashe, sun yi fiffike, sun yi aure, sun kawo mini jikoki. Na dogara da gazawar manya, abin da bai taɓa ba ni kunya ba.

Da na ba matata labari da yamma, ko ɗago kai ba ta yi daga wankin da take yi ba.

Ta ce, "Maigida, na cikin gida ma yaya aka ƙare da su, balle ka ɗauko na saman mota?"

Na ce ai ba ni zan ciyar da su ba, masauki kawai na bayar.

Ta ce, "Haka ƙaninka ma ya ce da zai zo."

Ƙwai suka ƙyanƙyashe. Ban taɓa ganin halitta mai muni irin ɗan kurciya sabon fitowa ba: ƙaton baki, rufaffen ido, jiki duk tsika-tsika. Amma wallahi na so su. Na daina zuwa layi don mai, na koma zuwa don su. Ina sa musu ruwa a murfin gwangwani, ina watsa wa iyayen tsaba a kan rufin motar. Uwar da uban suna karɓa-karɓa, wannan ya tashi wannan ya zauna, ba faɗa ba gori, abin da na yi niyyar ba matata misali da shi sai na fasa. Na hana yara jingina da motar. Har Dogo na hana shi buga ƙofarsa da ƙarfi, ya ce in Allah ya yarda ƙarshena gidan mahaukata.

Da a nan na tsaya, da yau ba ku da abin karantawa. Amma ni mutum ne da ba ya iya yin alheri a ɓoye, in na yi ba a gani ba sai in ji kamar na yi asara. Na ɗauki hotonsu da waya na tura zauren unguwa, na rubuta a ƙasa cewa yayin da wasu ke sare bishiya, wasunmu sun mai da abin neman abincinsu mafakar bayin Allah. Na karanta rubutun nan ya fi a ƙirga, kowane karo yana ƙara yi mini daɗi. Hoto ya yi ta yawo daga waya zuwa waya har ya isa inda ban aike shi ba.

Sai ga wani matashi cikin kwat, a wannan zafin, yana tambayar wane ne mai motar kurciya. Ya ce daga Kwamitin Tausaya wa Tsuntsaye da Sauran Marasa Baki yake. Ban taɓa jin kwamitin ba, amma ya ce sun daɗe suna aiki, har sun je ƙasashe da dama ganin yadda tsuntsayen can suke tashi. Ya ce Mai Girma Shugaban Kwamitin ya ga hoton, hawaye ya kusa zubo masa, kuma zai zo da kansa ya karrama ni. Za a naɗa ni Jakadan Kurciyoyi.

Na ce, "Ranka ya daɗe, muƙamin yana zuwa da mai?"

Ya yi dariya ya dafa kafaɗata. Ya ce, "Baba, abin ya wuce maganar mai. Tarihi za ka shiga."

Ni da ko rajistar makarantar dare ban taɓa shiga ba, aka ce tarihi. A daren nan na sa aka fito mini da rigar da nake zuwa ɗaurin aure da ita. Matata tana guga tana cewa ita dai ba ta taɓa jin jakadan da ke zuwa ofis a ƙasa ba.

Jiya ke nan. Tun da sassafe aka kafa rumfuna, aka jera kujeru, aka tayar da janareta, wanda ban san inda ya samo mai ba. Aka lulluɓe gefen motata da wani ƙaton ƙyalle mai hoton Mai Girma yana murmushi, don kada tsatsa ta fito a hoto. Da mai lasifika ya ce "gwaji, gwaji," uwar ta yi firgigit ta tashi, uban ya bi ta, suka sauka a kan wayar lantarki can nesa. Na gani da idona. Na ce a raina za su dawo in an lafa. A lokacin ana gwada kiran sunana a lasifika, kuma ban taɓa sanin sunana yana da daɗi haka ba.

Rana ta take sosai kafin mu ji jiniya. Jerin motoci baƙaƙe, kowace da mutum ɗaya a baya yana shan sanyi. Kafin su zo rumfa sai suka karya suka shiga gidan man. Famfon nan da ya yi makonni yana tarin iska, aka taɓa shi sai ga mai yana zuba kamar bai taɓa yankewa ba. Muna tsaye muna kallo, mu da muka san kowane tsagin bangon wurin.

Dogo ya matso kunnena ya ce, "Jakada, ka ga mu'ujiza? Ashe famfon ma ya san manya."

Mai Girma ya yi jawabi mai ratsa jiki. Ya ce ɗumamar yanayi abokiyar gabar kowa ce, shi kansa ya ɗanɗana, don kwanan baya na'urar sanyaya ɗakinsa ta tsaya har kusan rabin yini. Ya ce tsuntsaye amana ne. Ya ce wasu marasa kishi sun lalata musu muhalli, ya juya yana harara ko'ina kamar zai gano su a cikinmu. Muka tafa. Ni na fi kowa tafi.

Daga nan ya ce abin kunya ne a wannan zamani a bar 'ya'yan kurciya a cikin tsohuwar taya. Saboda haka kwamiti ya gina musu gida na zamani. Aka yaye wani mayafi a tsallaken titi, sai ga akwatin kwano an ɗaure a saman bishiyar ƙarfe, an yi masa koren fenti, har da 'yar taga da baranda. Ya ce yanzu za a yi bikin tarewa.

Jama'a, na sani. Ba wanda ya fi ni sani a duk rumfar nan. Na san iyayen ba za su bi su can ba, na kuma san abin da kwano yake zama da tsakar rana. Na buɗe baki zan yi magana. Daidai nan matashin mai kwat ya rataya mini wani ƙyalle mai sheƙi daga kafaɗa zuwa ƙugu, masu kyamara suka juyo gaba ɗaya, Mai Girma ya kama hannuna ya ce, "Jakada, ai kai suka sani, kai za ka ɗauko su." Bakin da na buɗe don in ce a'a, da shi na yi murmushi.

Ni na hau motata. Ni na sa hannu na ɗauko su, suna ta buɗe baki suna zaton abinci na kawo. Na sa su a hulata na tsallaka titi ana tafi, na hau tsani na ajiye su a akwatin. Ƙasansa ya riga ya ɗau ɗumi, na ji a bayan hannuna. Na sauko aka yi hoto, na tsaya kusa da Mai Girma har kafaɗarmu tana gogar juna.

Kafin ka ce me, an watse. Aka kwashe kujeru, aka naɗe rumfuna, aka bar mana robobin ruwa a warwatse. Titi ya yi tsit. Sai ga iyayen sun sauko kan motar. Uwar ta shiga ramin tayar ta fito, ta zagaya ta sake shiga. Uban yana ta kai da kawowa a kan kariya yana wannan kukan nasu. Ko sau ɗaya ba su kalli tsallaken titi ba. Ina tsaye da ƙyallena mai sheƙi, na ji na tsani kaina.

Ban gama tsanar ba sai ihu ya tashi daga ƙarshen layi. Tanka! Tankar da na rantse ba za ta zo ba sai na ga jikoki, ita ce ta shawo kwana. Wuri ya rikice, ana ta hon, kowa ya ruga motarsa, kurciyoyin suka sake tashi. Dogo ya riga ya sa kafaɗa a bayan tasa motar yana ihu, "Jakada, tura! Tura mana!"

Ni kuwa tsallaken titi na nufa. Tsanin sun tafi da shi, ashe na haya ne. Mai Faci ya jawo bencinsa, muka ɗora tayoyi a kai, ya riƙe, na hau. Ƙarfen bishiyar ya ƙone mini tafin hannu, ganyen roba ya kama rigar ɗaurin aure ya yaga ta har ƙasa. Na zura hannu a akwatin, zafinsa kamar kaskon da aka manta a wuta. Ɗaya yana haki, baki a buɗe. Ɗayan wuyansa ya langaɓe, ya riga ya tafi.

Na mai da mai ran cikin tayar, na ɗiga masa ruwa a gefen baki da yatsa. Mataccen kuwa na rasa yadda zan yi da shi. Uwar tana kan wayar lantarki tana kallo, ban iya jefar da shi a gabanta ba, sai na sa shi a aljihu.

Layi ya fara tafiya. Motar gabana ta matsa, fili ya buɗe, irin filin da na yi makonni ina mafarkinsa. In na tura, kafin la'asar tankina ya cika, gobe in yi lodi, a ɗora tukunya. In na tura kuma, uwar za ta dawo ta tarar da kwalta. Ba zan yi muku ƙarya ba, na sa hannu a sitiyari. Har na saki birki. Sai abin nan ya yi wani ɗan ƙara daga sama, siriri, na ja birkin na fito.

Dogo ya ce, "Kai yanzu saboda tsuntsun da bai kai loma ɗaya ba za ka bar iyalinka da yunwa?"

Na ce, "Zagaye ni ka wuce."

Ya ce, "Wallahi ba ka da lafiya." Ya zagaye ya wuce, kuma ban ga laifinsa ba, shi ma 'ya'ya gare shi.

Haka na tsaya ina ba da hannu. Wasu suna dariya, wasu suna yi mini kirarin jakada, wata mata ta leƙo ta ce Allah ya ba ni lafiya. Ina roƙonsu su rage hon, wanda ya sa suka ƙara. Can da yamma aka ce mai ya ƙare. Aka ja ƙofar gidan man, na ƙarshen layi ma suka tafi da man da suka samu, titi ya koma shiru. Na koma bencin Mai Faci na zauna, ina jin tsoron ko ta riga ta haƙura.

Ta daɗe kafin ta sauko. Ta fara sauka a bakin kariya, ta tsaya, ta taka a hankali ta shiga. Na ga ɗan ya cusa bakinsa cikin nata yana karkaɗa fiffike. Mai Faci ya ce alhamdu lillahi a hankali. Da ta gama ba shi, sai ta fito ta leƙa bayan tayar. Ta leƙa ƙarƙashin igiya. Ta zagaya ta dawo ta sake leƙawa. Na sa hannu na dafe aljihuna kamar ɓarawon da aka zo bincike.

A haka matata ta same ni, ta biyo sawu da kwanon abinci don labari ya riga ni isa gida. Ta dubi rigar, ta dubi motar ita kaɗai a titi ba gaba ba baya.

Ta ce, "An ce kowa ya sha."

Na ce, "An sha."

Ta ce, "To gobe fa, Maigida?"

Na ce ban sani ba, kuma gaskiya na faɗa. Na jira faɗan da na cancanta. Sai ta ɗaga kai ta dubi saman motar ta ce, "Ba biyu ba ne?"

Na fito da shi daga aljihu. Ta daɗe tana kallonsa a tafin hannuna. Ta zare ƙyallen jakadancin daga kafaɗata, ta naɗe shi a ciki da kyau, ta ce in mun je gida a haƙa rami a bayan ɗaki, kada kyanwa ta samu.

Muna shirin tafiya rediyon Mai Faci ya fara labaran yamma. Aka ce a yau Kwamitin Tausaya wa Tsuntsaye ya yi nasarar ceto 'ya'yan kurciya biyu daga mawuyacin hali, ya sauya musu matsuguni na zamani, kuma wannan somin taɓi ne, za a faɗaɗa shirin zuwa sauran tsuntsaye. Aka gode wa Jakada bisa haɗin kai.

Don haka in kun ji labarin, kada ku ce ƙarya ne gaba ɗaya. An ce biyu, ɗaya yana nan da rai. A labarin manya, a samu rabi gaskiya ba ƙaramin ci gaba ba ne. Sauran tsuntsaye kuma, duk mai hanyar sanar da su ya gaya musu su yi ta kansu, taimako yana tafe.